Tarihin Sonny Bill Williams a taƙaice

Sonny Bill Williams shi ne Musulmi na farko da ya taɓa buga wa All Blacks wasa, wato ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta ƙasar New Zealand.

Ko da yake wasan ba shi da farin jini a Sakkwato ko Kano, a New Zealand babu wasan da ya kama ƙafarsa. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana runguma ƙwallon a ruga da ita, kuma ba a jefa ta gaba da hannu.

An haifi Williams a birnin Auckland ranar 3 ga Agustan 1985. Ya fara suna ne a wani nau'in wasan mai mutum 13 a ƙungiyar Bulldogs ta Ostareliya, inda suka ci kofin ƙasar a 2004.

A 2008 ya bar ƙungiyar ana tsakiyar kakar wasa, ba tare da sallama ba, ya koma Toulon ta Faransa. Lamarin ya jawo masa baƙin jini matuƙa. A can Faransa ne ya karɓi Musulunci, bayan ya shaƙu da wasu iyalai 'yan asalin Tunisiya.

Ya fara buga wa All Blacks a Nuwambar 2010 a karawarsu da Ingila, ya kuma buga mata wasanni 58. An fi saninsa da iya miƙa ƙwallo da hannu ɗaya alhali abokan hamayya sun riga sun cafke shi.

Yana cikin waɗanda suka ci Kofin Duniya a 2011 da 2015. Bayan wasan ƙarshe na 2015 ya cire lambarsa ta zinare ya ba wani yaro da mai gadi ya kayar a fili.

Tambarin banki

A Afrilun 2017, lokacin da yake ƙungiyar Blues, ya rufe tambarin bankin BNZ da ke wuyan rigarsa, saboda addininsa ya haramta riba. Ba ƙaramar kasada ba ce, domin da kuɗin irin waɗannan kamfanoni ake biyan 'yan wasa. Wasu sun zarge shi da cin albashin yana ƙyamar tambarin, to amma hukumar wasan ta ƙasar ta amince masa, saboda yarjejeniyarta da 'yan wasa ta ba da wannan dama.

A Yulin wannan shekara aka ba shi jan kati a wasa da Lions, karo na farko cikin shekaru 50 da aka kori ɗan All Blacks daga fili.

Bayan harin da aka kai masallatai biyu na Christchurch a Maris na 2019, inda mutum 51 suka rasu, ya je birnin ya yi sallar Juma'a tare da jama'a.

Ya kuma taɓa dambe, har ya riƙe kambin ajin masu nauyi na New Zealand a 2012. Ya yi ritaya daga zari-ruga a Maris na 2021.