Rijiyoyin Dakoro da Tarihin Ilimin Ƙwayoyin Zarra a Nijar

Tarihin ɗiban ruwa a ƙasar Dakoro, wadda ke arewacin jihar Maraɗi, ya kasu zamani uku gwargwadon ƙarfin da ke fito da ruwan daga ƙarƙashin ƙasa: zamanin damtsen mutum da wuyan dabba, da zamanin inji mai shan man dizal, da kuma zamanin hasken rana. Na farko da na biyu ba su da wuyar fahimta, domin ana ganin igiya tana motsi, ana kuma jin rurin inji, amma na uku ya ginu ne a kan wani reshe na ilimin fizik, wato kimiyyar da ke binciken jiki da ƙarfi da motsi, wanda ya keɓanta da ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta da dokokin da ke tafiyar da mu'amalarsu. Wannan ilimi ya iso Nijar ta ƙofa biyu, ɗaya ta ma'adinin da aka haƙa aka fitar, ɗaya ta na'urar da aka saya aka shigo da ita, kuma a duka biyun amfaninsa ya riga saninsa isowa.

Garin Dakoro, mai nisan kimanin kilomita 120 daga Maraɗi, ya zama mazaunin mulki ne a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da Turawan Faransa suka kafa ofishinsu a wurin, amma ƙasar da ke kewaye da shi ta daɗe da tarihi, domin a cikinta Birnin Lalle yake, inda Gobirawa suka yi zama bayan sun baro Abzin. Ƙasa ce ta haɗuwar manoma Hausawa da makiyaya Fulani da Abzinawa, kuma kwarin Tarka da ya ratsa ta shi ne kusan iyakar da ke tsakanin gonakin hatsi da makiyaya, iyakar da dokar shekarar 1961 ta shata domin hana noma ya ci gaba da kutsawa arewa. Tun da babu kogi mai gudana, kuma tafkunan damina suna ƙafewa ba da daɗewa ba bayan kaka, rayuwar mutum da ta dabba a tsawon rani ta rataya ne a kan rijiya, ga shi kuwa ruwan yankin yana da nisa ƙwarai, har rijiyoyi da dama zurfinsu ya haura mita 50.

A zamani na farko, ana kafa gwafa a bakin rijiya, a ɗora igiya a kanta, a zura wasaki, wato babban gugan fata, sa'an nan a ɗaura ɗaya bakin igiyar ga takarkari ko raƙumi ko jakuna, yaro ya kora su nesa gwargwadon zurfin rijiyar har wasakin ya fito, a juye ruwan a komi dabbobi su sha. Wahalar wannan aiki ita ce ta tsara dokarsa, domin wanda ya gina rijiya shi ke da haƙƙin fara shayarwa, baƙo kuma sai ya nemi izini, kuma da yake adadin dabbobin da za a iya shayarwa a yini ɗaya ƙayyadadde ne, ciyawar da ke kewaye da rijiyar ba ta ƙarewa da wuri. Zamani na biyu ya zo da rijiyoyin siminti da na burtsatse waɗanda gwamnati ta gina bayan samun ƴancin kai a 1960, musamman ta hannun hukumar ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka sani da OFEDES. Ruwa ya yawaita, amma da yake rijiyar gwamnati ta kowa ce, garkuna suka riƙa taruwa wuri guda suna cinye makiyaya, injin kuma yana buƙatar mai da kayan gyara waɗanda sai an yi safararsu daga nesa, raunin da ya fito fili a farin 1973 zuwa 1974 da na 1984.

Asalin zamani na uku yana komawa ne ga wata tsohuwar tambaya wadda ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatu na ƙasar Hausa, domin malaman tauhidi na mazhabar Ash'ariyya sun daɗe suna magana a kan jauhari, wato ɗan guntun jiki wanda ba ya ƙara rabuwa, da kuma siffofin da ke bijiro masa. Abin da ƙarni na 19 da na 20 suka ƙara shi ne awo da gwaji. A 1897 Tomson ya gano ilaktaron a Ingila, ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki wadda ta fi kowace zarra ƙanƙanta; a 1911 Rudafod ya nuna cewa kusan dukan nauyin zarra ya tattaru ne a wata ƴar cibiya da ke tsakiyarta; a 1932 Cadwik ya gano nutiron, abokin zaman furoton, wato ƙwaya mai caji, a cikin wannan cibiya; a 1964 kuma Gelman da Zuwaig suka kawo ra'ayin cewa furoton da nutiron su ma haɗi ne na wasu ƙwayoyi uku-uku da ake kira kwak. A ɓangaren haske, Filank a 1900 da Ainstain a 1905 sun nuna cewa ƙarfin haske yana zuwa ne a dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule da gwargwadonsa, wanda daga baya aka sa wa suna foton.

Ra'ayin da ya haɗa waɗannan bincike shi ne na fili, wato wani abu da ya game sarari baki ɗaya, wanda ke da ƙima a kowane wuri da kowane lokaci, kuma ƙwaya ba wani abu ba ce illa mafi ƙanƙantar motsin da filinta zai iya yi. Saboda haka ne kowane ilaktaron yake daidai da ɗan'uwansa ba tare da ko ɗan bambanci ba, tun da duk daga fili ɗaya suke. Mu'amalar ƙwayoyi kuma tana gudana ne ta hanyar ƙarfi huɗu: ƙarfin nauyi, wanda ke riƙe da duniya a kewayen rana, da ƙarfin lantarki da maganaɗisu, wanda foton ke ɗauke da shi, shi ne kuma ke ɗaure ilaktaron ga cibiya, da ƙarfi mai tsanani, wanda ke ɗaure kwak da ƴan'uwansa ya kuma riƙe cibiyar zarra, da ƙarfi mai rauni, wanda shi kaɗai ke iya juya wani nau'in kwak ya koma wani. Gilasho da Wainbag da Abdus Salam, ɗan ƙasar Pakistan, sun nuna cewa na biyu da na huɗu tushensu ɗaya, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1979, cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba ta tabbatar da hasashensu a 1983, sa'an nan ta gano ƙwayar Higis, wadda ta cike tsarin, a 2012.

Dukan waɗannan ƙarfi huɗu suna da hannu a ruwan da famfon sola ke fitarwa. Nauyin rana ne ke matse cikinta har zafinsa ya kai kimanin digiri miliyan 15, inda furoton ke karo da furoton. Amma da yake cajinsu iri ɗaya ne suna tunkuɗe juna, kuma ba za su haɗu ba in ba don wata dokar ƙananan ƙwayoyi da Gamo ya bayyana a 1928 ba, wadda ke ba ƙwaya damar ratsa shingen da ƙarfinta bai isa ya tsallake ba. Ko bayan ratsawar, haɗin ba ya ɗorewa sai ƙarfi mai rauni ya juya furoton ɗaya ya zama nutiron, abin da ke faruwa da wuya ƙwarai har furoton kan yi biliyoyin shekaru kafin ya same shi, wannan jinkiri kuwa shi ya sa rana take ci a hankali tsawon shekara biliyan 4.6 maimakon ta ƙone lokaci guda. Daga nan ƙarfi mai tsanani ke kammala aikin ya samar da hiliyom, kuma a kowace daƙiƙa kimanin tan miliyan 4 na nauyin rana ke komawa makamashi, kamar yadda Bete ya fayyace hanyoyinsa a ƙarshen shekarun 1930. Hasken yana ratsa kilomita miliyan 150 cikin minti 8 da ɗoriya, ya sauka da ƙarfin kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita da tsakar rana. A cikin farantin sola, wanda aka yi da silikon, kowane foton mai isasshen ƙarfi yana ɓamɓare ilaktaron ɗaya daga mazauninsa, tsarin farantin kuma ya tilasta wa ilaktaron ɗin bin hanya guda, wannan gudu nasu shi ne lantarkin da ke juya famfon. An ƙera farantin silikon na farko mai amfani a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka a 1954, yana mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na haske lantarki.

Ƙofa ta farko da wannan ilimi ya taɓa Nijar ita ce yuraniyom, ma'adinin da Bekerel ya fara gano tururin ƙwayoyi a jikinsa a 1896, wanda kuma Han da Istirasman suka gano tsagewar cibiyarsa a 1938. An ci karo da shi a Azelik a 1957, kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi daga Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akuta daga 1978 har zuwa rufe shi a 2021. Shekaru hamsin ƙasar ta yi tana cikin manyan masu samar da abin da ke kunna tashoshin nukiliya na Faransa, alhali yawancin ƙauyukanta ba su da lantarki, kuma nazarin abin da ke faruwa a cikin cibiyar zarra ya kasance a jami'o'in ƙasashen da ke sayen ma'adinin.

Mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin sauya wannan tsari a jihar Maraɗi aka haife shi. Abdu Mumuni Diyofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi karatu a makarantar Wiliyam Fonti ta Senegal da kuma birnin Faris, inda a 1956 ya ci jarrabawar manyan malaman fizik ta Faransa, wadda ake ƙirga shi a matsayin ɗan Afirka ta kudu da Sahara na farko da ya ci ta. Ya je Gini bayan ta zaɓi ƴancin kai a 1958 domin ya cike gurbin malaman da Faransa ta janye, ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako a 1964, ya kuma sami babban digirinsa a 1967 da nazari a kan yadda madubi mai lanƙwasa ke tattara haske. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da tace shi da girki da kuma injin da zafin rana ke juyawa, ya kuma riƙe shugabancin Jami'ar Yamai daga 1979. A littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya dage a kan cewa a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin da al'umma ke rayuwa a kansa. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Abin da ya yaɗu daga baya, wato ƙofa ta biyu, shi ne famfo mai aiki da faranti, wanda aka fara gwadawa a ƙauyukan Mali a ƙarshen shekarun 1970, shirin makamashin rana na ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, CILSS, ya kafa ɗaruruwansa a shekarun 1990, faɗuwar farashin faranti bayan 2010 kuma ta kai shi garuruwa da mashayar dabbobi irin na Dakoro, inda tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu ya fara maye gurbin gwafa da wasaki. Sauƙin ya rage wahalar mata da yara da dabbobin ja, amma ya dawo da tsohuwar matsalar rijiyar gwamnati, domin famfon da ba ya shan mai ba shi da abin da zai taƙaita shi sai yarjejeniyar masu amfani da shi da kuma sanin yawan ruwan da ke ƙasa.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, nazarin haske da Ainstain ya yi a 1905 ba tare da tunanin wata riba ba ya ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ya shayar da garke a kwarin Tarka, kuma al'ummar da ta tsaya ga sayen sakamako kawai za ta dawwama tana jiran abin da wasu suka gano. Abdus Salam ya fahimci haka, shi ya sa ya kafa cibiyar nazarin fizik a Tiriyesta ta Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe matalauta su ci gaba da bincike ba tare da sun yi ƙaura ba. Jihar Maraɗi tana da jami'arta tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, saboda haka abin da ya rage shi ne a ƙarfafa sashen kimiyya da ɗakunan gwaji, a horar da malaman fizik na makarantun sakandare, a kuma rubuta wannan ilimi da Hausa da Fulatanci da Tamashek, ta yadda ɗalibin Dakoro zai iya gyara famfon garinsu, ya lissafa ruwan da ke ƙarƙashinsa, ya kuma shiga sahun masu binciken dokokin da suka sa yake aiki.