Biri Ya Yi Kama Da Mutum: Tarihin Da Ke Bayan Katun Ɗin 'Space Chimps'

Lokacin da mu ke yara a Mabera, akwai wani faifan katun da ya zagaya gidajen layin mu har ya kakkarce. Sunan fim ɗin 'Space Chimps'. Ba mu jin Turancin da ake yi a ciki sosai, amma ganin birai sanye da kayan 'yan sama jannati su na tuƙa kumbo kaɗai ya ishe mu dariya. Na tuna wata rana wani dattijo maƙwabcin mu ya leƙo, ya tsaya ya dubi talbijin na ɗan lokaci, ya girgiza kai ya ce, "Wanga abu duk ƙarya ta. Mi zai kai biri sama?"

Mu ma a lokacin haka mu ka ɗauka. Sai da na girma na shiga bin diddigin finafinai sannan na gane cewa biri ya yi kama da mutum. An taɓa kai biri sama. Kuma birin ɗan maƙwabta ne, daga Kamaru aka kamo shi. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne, idan ka ci gaba da jan zaren labarin, sai ka ga ya biyo ta Kano.

FIM ƊIN KAN SA

'Space Chimps' ya fito a Amurka ran 18 ga Yuli, 2008. Kamfanin Vanguard Animation ne ya shirya shi, Kirk DeMicco ya ba da umarni, 20th Century Fox ya rarraba. Ya yi rashin sa'ar rana, domin a ranar ce aka saki 'The Dark Knight', wanda ya kwashe 'yan kallo. Masu sharhi da dama ma ba su yaba masa ba. Duk da haka an yi masa kashi na biyu a 2010.

Jarumin fim ɗin wani biri ne mai suna Ham na Uku, wanda Andy Samberg ya ara wa murya. Sana'ar sa wasa a gaban jama'a: a cusa shi cikin igwa a harba shi sama, 'yan kallo su yi tafi. Kusan dai irin birin da gardawa ke yawo da shi a kasuwannin mu. Ana nan sai wata na'urar bincike mai tsada ta ɓace a sararin samaniya, ta faɗa wata duniya, inda wani azzalumi mai suna Zartog ya mallake ta ya na gallaza wa jama'ar wurin da ita. Hukuma ta ga ba za ta tura mutum wannan tafiya mai hatsari ba, sai ta tura birai. Aka haɗa Ham da wasu horarrun birai biyu, Luna da Titan. Dalilin sa shi cikin tafiyar kuwa ba ƙwarewa ba ce. Sunan kakan sa ake so, wato Ham na farko, domin 'yan jarida su samu abin rubutawa.

Jikan dai marubuta ne su ka ƙirƙire shi, haka Zartog da duniyar sa. Amma kakan an yi shi da gaske.

LAMBA 65

A shekarar 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, bayan wata ɗaya kuma ta tura karya mai suna Laika, wadda ba ta dawo ba. Hankalin Amurka ya tashi, don lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baki. Ta na son tura mutum, amma likitoci ba su san abin da zai same shi ba idan jikin sa ya rasa nauyi. Zai suma ne? Zai rikice? Zai iya ɗaga hannu ya yi aiki? Ana buƙatar zakaran gwajin dafi, kuma wanda jikin sa ya fi kusa da na mutum shi ne irin babban birin nan mara jela da ake kira cimfanzi.

A wannan shekara ta 1957 aka haifi birin da mu ke magana a kai a dajin Kamaru, tun ƙasar na hannun Faransa. Mafarauta su ka kama shi ya na ƙarami, ya bi ta hannun wani gidan cinikin dabbobi a Miami, daga nan sojan saman Amurka su ka saye shi. A 1959 aka kai shi sansanin Holloman da ke Jihar New Mexico, inda aka tara birai 40. Aka yi ta tankaɗe da rairaya har su ka koma 18, daga baya su ka koma shida.

Horon da aka yi masa ba na wasa ba ne. Za a ɗaure shi a kujera, fitila shuɗiya ta kama, dole ya ja wata 'yar sanda cikin daƙiƙa biyar. In ya yi daidai a sako masa ƙwayar abinci mai ɗanɗanon ayaba. In ya yi jinkiri wutar lantarki ta ja shi a tafin ƙafa.

Wani abin lura, kafin tafiyar ba a bayyana shi ga jama'a da suna ba. Lamba 65 ake ce masa. Hukuma na gudun kada ya mutu a hanya a ce wane ya mutu, jama'a su ji tausayi. Sai da ya dawo da rai aka sanar da sunan Ham, wanda aka haɗa daga harufan farko na sunan cibiyar likitocin da ta horar da shi.

MINTI 16 DA DAƘIƘA 39

Ran 31 ga Janairu, 1961, aka harba shi daga Cape Canaveral a kan rokar Redstone, ya na ɗan shekara uku da 'yan watanni. Tafiyar ba ta tafi yadda aka tsara ba. Rokar ta zuba wuta fiye da kima. An so ya kai tsayin kilomita 185, sai ya kai 253. Mai karatu, ka auna: ya fi nisan Sakkwato zuwa Gusau, amma a miƙe zuwa sama. Iskar cikin kumbon ta zurare, akwatin da aka rufe shi a ciki ne ya cece shi. Ya yi fiye da minti shida jikin sa ba nauyi, da zai sauko kuma nauyin da ya danne shi ya ninka na jikin sa fiye da sau goma sha huɗu.

A cikin duk wannan bala'i bai daina jan sandar nan ba. Saurin hannun sa a sama ya yi kusan daidai da na ƙasa. Amsar da likitoci ke nema kenan.

Kumbon ya faɗa Tekun Atilantika nesa da inda jiragen ruwa ke jira, ruwa ya fara shiga, sai da ƙyar jirgi mai saukar ungulu ya tsamo shi. Da aka buɗe, an samu Ham da ɗan rauni a hanci. Aka miƙa masa tufa. Hoton sa ya zagaya duniya, haƙora a waje, jaridu su ka ce murmushi ya ke yi. Daga baya masaniyar birai Jane Goodall ta bayyana cewa wannan yaƙen alamar matsanancin tsoro ce a wurin irin waɗannan birai.

A nan ne fim ya rabu da tarihi. A fim, jikan Ham ya ƙare da karɓar tuƙin kumbo ya dawo gida a matsayin gwarzo. A zahiri, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yuri Gagarin na Sobiyet ya kewaya duniya ran 12 ga Afrilu, 1961. Alan Shepard na Amurka ya bi irin hanyar Ham ran 5 ga Mayu, aka yi masa gagarumar tarba. Shi kuwa Ham an kai shi gidan zu na Washinton a 1963, ya shekara 17 a can, mafi yawa shi kaɗai. A 1980 aka mayar da shi wani gidan zu a North Carolina inda ya samu 'yan'uwa. Ya mutu ran 19 ga Janairu, 1983. An adana ƙasusuwan sa domin bincike, aka binne sauran a Alamogordo.

INDA KANO TA SHIGO

Tafiyar Ham hawa ce da sauka, bai kewaya duniya ba. Wanda zai kewaya kuwa dole a riƙa jin ɗuriyar sa a duk inda ya gifta. Saboda haka hukumar NASA ta jera tashoshin sa ido a faɗin duniya. A wannan ɓangare na Afrika akwai ta tsibiran Kanari, da ta Zanzibar, da kuma ta Kano. Da kumbo ya ƙetaro Atilantika ya shigo nahiyar, Kano ce ke karɓar sa kafin ta miƙa wa Zanzibar.

Ran 29 ga Nuwamba, 1961, wani birin mai suna Enos ya kewaya duniya sau biyu. Shi nasa ya fi ban tausayi: na'urar ta lalace, ta riƙa jan sa da wuta ko da ya ja sandar da ta dace, amma ya ci gaba da aikin sa. Bayan sa ne John Glenn ya tashi ran 20 ga Fabrairu, 1962, ya kewaya sau uku. Da ya zo saitin mu ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa ya na hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su ka amsa masa da cewa ai kwanakin nan iska ake ta yi. Duk ɗan Arewa ya san me Glenn ya gani. Hazon hunturu ne.

Ga wani abin al'ajabi kuma. Ran 3 ga Oktoba, 1962, ranar da Wally Schirra ke kewaya duniya sau shida, a ranar ce wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a ƙauyen Zagami ta ƙasar Katsina. Bincike ya tabbatar daga baya cewa ɓallin duniyar Mars ne. Har yau masana a duniya da sunan Zagami su ke kiran sa. Sannan ran 23 ga Agusta, 1963, Shugaba Kennedy ya yi waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu su ka yi magana ta wannan hanya.

Magabatan mu a fagen adabi ba su bar zamanin ya wuce su ba. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, littafin Umaru Dembo, 'Tauraruwa Mai Wutsiya', ya fito, inda yaro Kilba ya yi yawo a sararin samaniya. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Afolo waƙa. Hatta ciwon idon da ya ɓarke a Afrika ta Yamma a shekarar, afolo jama'a su ka raɗa masa, kuma sunan ya zauna.

SAURA MU

Ba na ganin laifin masu 'Space Chimps' don sun sa wa labarin sukari. Fim ne na yara, ba wanda zai nuna wa ɗan shekara bakwai biri ana jan sa da lantarki. Hasali ma sun taɓo gaskiya ta gefe, tunda sun nuna hukuma na ɗaukar biran a matsayin kayan gwaji da talla. Abin da su ka tsallake shi ne Afrika. Ban tuna inda dajin Kamaru ya samu gurbi a labarin ba, balle Kano.

To wa zai cike wannan gurbi? Furodusoshin mu kullum kukan su ba labari, marubutan mu kuma na cewa ba a neman su. Ga labari nan a zube. Yaro Bakano a 1962, mahaifin sa na gadi ko tuƙi a tashar Turawan nan masu magana da sama. Manomi a Zagami da dutse ya faɗo gaban sa. Ɗan biri da aka raba da uwar sa a dajin Kamaru. Ba sai an gina roka ba kafin a ɗauki irin wannan, kuma yanzu muna da samari a Sakkwato da Kano da Kaduna masu haɗa katun a kwamfuta.

Dattijon nan na layin mu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan sa. Da ya na nan da na koma na ba shi amsar tambayar sa: tsoron da mutum ya ji ne ya kai biri sama.