Jigon Begen Zamanin Da a Gandoki da Adabin Amurka

1.0 Gabatarwa

Tafarkin adabin da Turawa ke kira Romantisizim ya yi tashe a Amurka daga shekarun 1820 zuwa yaƙin basasar da ya ɓarke a 1861. Ba soyayyar saurayi da budurwa ake nufi ba, kodayake sunan kan ruɗi ɗalibai. Manyan jigoginsa su ne fifita shauƙin zuciya a kan tsagwaron hankali, da kambama jarumi tilo, da girmama daji, da begen zamanin da ya shuɗe. Wannan jigo na ƙarshe ya bayyana ƙarara a ƙagaggun labaran Hausa na farko.

2.0 Cooper da Bello Kagara

A 1826 James Fenimore Cooper ya wallafa The Last of the Mohicans, inda ya koma yaƙin Ingila da Faransa na 1757 domin ya yi juyayin ƙarewar wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka. Sai dai shi kansa jinin waɗanda suka mamaye ƙasar ne, saboda haka juyayinsa na mai galaba ne. Ya kashe matashi Uncas, ya bar mahaifinsa ba magaji.

Gandoki na Muhammadu Bello Kagara ya fito a 1934, sakamakon gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933. Marubucin ya ga zuwan Turawa yana yaro, ya kuma gina jaruminsa a kan yaƙe-yaƙen gaske, tun daga faɗuwar Kwantagora a 1901 har zuwa Burmi a 1903. Da takobi ya kasa bindiga, sai labarin ya fice daga tarihi ya faɗa duniyar aljannu, inda Gandoki ya samu nasarar da filin daga ya hana shi. Daga bisani ya komo gida ya tarar da sabon zamani, yana ba yara labari.

3.0 Kammalawa

Jigon ɗaya ne, amma aikinsa ya bambanta. Cooper ya binne zamanin da domin share wa sabuwar ƙasa fage. Bello Kagara kuwa ya raya shi a bakin tsoho, a cikin littafin da hukumar mulkin mallaka ta buga wa 'yan makaranta. Manazarcin da ya aro ma'aunin Romantisizim ya auna adabin Hausa, lalle ne ya fara tantance ɓangaren da marubuci ya tsaya a ranar da aka ci ƙasar.