Jirgi Na Tashi, Mai Hannun Jari Na Ƙasa: Tarihin Kenya Airways

 Wannan makon mun yi nisan zango, mun bar bakin iyakarmu mun nufi gabashin Afirka, ƙasar Kenya. Dalili kuwa wata magana ce da ake yawan yi a rumfunan kasuwa duk sanda aka ji cewa wani kamfanin gwamnati zai sayar da hannun jari. Sai ka ji an ce, "Ai na gwamnati ne, ba za ta bari ya mutu ba." Maganar ba ƙarya ba ce. Kamfanin jiragen saman Kenya, wato Kenya Airways, bai mutu ba, har yau jiragensa na sauka Legas da Akara. Amma mu yau sawun ƙananan mutanen da suka zuba kuɗinsu a cikinsa za mu bi, mu ga inda suka kwana.

An kafa kamfanin a farkon 1977. Kafin nan Kenya da Yuganda da Tanzaniya jirgi ɗaya suka haɗa, East African Airways, sai rigima ta shiga tsakanin ƙasashen, haɗakar ta watse, kowa ya kama gabansa. Dattawanmu na Nijar da Chadi sun san irin wannan labari, domin su ma sun ga Air Afrique, wanda ƙasashe goma sha ɗaya suka kafa a Yawunde a 1961, ya durƙushe a 2002. Nigeria Airways ya bi bayansa a 2003. Sai dai waɗannan biyun ba a taɓa kai su kasuwar hannun jari ba, don haka da suka faɗi, ma'aikata ne da masu bin bashi suka yi kuka. Ɗan kasuwa ba shi da takarda a ciki. Kenya ita ce ta bi wata hanya daban.

Shekaru goma sha biyar na farko, Kenya Airways asara yake ta tafkawa kamar sauran 'yan uwansa. A farkon shekarun 1990 gwamnati ta gaji, ta ɗauko ƙwararru daga Ingila suka gyara tafiyar, ita kuma ta ɗauke masa tsofaffin basussuka. Da ya fara kawo riba, sai aka sayar wa kamfanin KLM na ƙasar Holan kashi 26 cikin 100. A 1996 aka buɗe wa jama'a ƙofa a kasuwar hannun jari ta Nairobi, kowane hannu ɗaya a kan sule 11 da kwata. Kuɗin Kenya sule ake ce masa, irin sunan da kakanninmu suka sani tun zamanin fam da sisi. Sama da mutum dubu ɗari suka saya, malaman makaranta da manoma da masu shaguna. Gwamnati ta riƙe kashi 23 kacal. A lokacin ba a taɓa sayar da hannun jari mai yawan haka a Kenya ba, kuma ko'ina a Afirka da shi ake ba da misali.

Bari mu tsaya nan mu warware ma'anar hannun jari, don wanda bai saba ba. A ce ku goma kuka haɗa kuɗi kuka sayi tirela mai ɗaukar shanu daga kara zuwa Kudu. Kowa na da kashi ɗaya cikin goma. Idan mota ta je ta dawo, ba a fara raba muku komai ba sai an biya mai gidan mai, an biya direba da yaran mota, an biya bakanike, an biya kuɗin hanya, in akwai bashin banki an zuba na wata. Abin da ya saura shi ne naku. In da yawa ya saura, kun ji daɗi, har wani ya zo yana roƙon ka sayar masa da kasonka da tsada. In babu abin da ya saura, babu wanda za ka kai ƙara, don kai ba mai bin bashi ba ne, mai mota ne. Ku riƙe wannan tirelar a zuci, za mu dawo kanta.

Shekaru goman farko, waɗanda suka saya sun sha romo. Kamfanin ya yi ta buɗe hanyoyi, Nairobi ta zama mahaɗa, 'yan kasuwar Afirka ta Yamma masu zuwa Dubai da Guwanzu da yawa ta nan suke bi. Ana raba riba, kuma a 2006 hannun da aka saya sule 11 ya haura sule 100. Wanda ya sayar a wannan shekarar ya ninka kuɗinsa kusan sau goma. Har da haɗurra biyu masu ɗaga hankali ba su karya kamfanin ba, kuma dukkansu a yankinmu suka faru: na Janairun 2000, da jirgin da ya taso daga Abijan zai biya ta Legas ya faɗa teku, mutum 169 suka rasu, cikinsu da 'yan Nijeriya da dama, da na Mayun 2007 kusa da Duwala, inda mutum 114 da ke ciki babu wanda ya tsira.

Abin da ya karya shi buri ne da bashi. A zamanin shugabancin Titus Naikuni aka fito da wani shiri na shekara goma mai suna Mawingu, wato gizagizai da harshen Suwahili. Niyyar ita ce a mallaki jirage sama da 100, a riƙa zuwa kusan kowace nahiya. Aka yi odar sababbin jiragen Boeing, manya manya, akasari da kuɗin aro. A 2012 aka koma wa masu hannun jari aka ce su ƙaro kuɗi, wannan karon sabon hannu a kan sule 14. Ku lura da farashin. Abin da ya haura ɗari shekara shida baya, ga shi ana tallarsa a sha huɗu, kuma mutane da yawa suka ga kamar garaɓasa ce ta faɗo. An nemi sama da sule biliyan 20, aka samu wajen biliyan 14 da rabi. A ganina tun daga nan ya kamata jiki ya yi sanyi: idan dillalai suka zagaya saniya suka wuce ba su taya ba, akwai abin da suka hango.

Daga nan masifu suka riƙa zuwa a jere. A watan Agustan 2013 gobara ta cinye ɓangaren saukar baƙi na filin jirgin Nairobi. Wata guda bayan haka 'yan bindiga suka kai hari babban kantin Westgate, masu yawon buɗe ido suka ja baya. A 2014 cutar Ebola ta sa aka dakatar da zuwa Laberiya da Saliyo, alhali Afirka ta Yamma na cikin wuraren da kamfanin ya fi samun fasinja. Sannan ga wata caca da aka yi kan man jirgi: kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar sayen mai a kan tsayayyen farashi don gudun tsada, sai farashin mai ya faɗi warwas a duniya, shi kuwa dole ya ci gaba da biya a kan tsohon ciniki. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin buhun gero tun kafin kaka, kaka ta zo da araha, ya san wannan ciwon. Gefe guda kuma jiragen Habasha da na ƙasashen Larabawa suna kwashe fasinja.

Harkar jirgi dama can sana'a ce mai wuyar sha'ani. Mai da dala ake saya, hayar jirgi da dala, kayan gyara da dala, bashi da dala, amma tikiti da yawa da kuɗin gida ake sayarwa. Ku da kuke canjin naira da sefa kullum ba sai an yi muku dogon bayani ba. Kuma kujerar jirgi kamar tumatir ce: da zarar jirgi ya tashi babu kowa a kanta, ta lalace, ba a ajiye ta sai gobe. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris 2015, asarar ta kai sule biliyan 25.7, wadda babu kamfanin Kenya da ya taɓa yin irinta. Shekara ta gaba ta ɗara haka, biliyan 26.2. Aka shiga sayar da kadara, har da gurbin sauka a filin Heathrow na Landan, wasu sababbin jiragen kuma aka ba da su haya ga kamfanonin Turkiyya da Oman.

To, a nan ne gwamnati ta zo ceto, kuma a nan ne nake son kowa ya kasa kunne. A ƙarshen 2017 aka zauna da masu bin bashi, wato ita gwamnatin kanta da bankunan Kenya kusan goma. Kuɗin biya babu. Sai aka ce, bashin da kuke bi, ku karɓi hannun jari a madadinsa. Mu koma kan tirelarmu. Ku goma ne masu mota, kowa da kashi ɗaya. Mota ta ci bashi, sai aka ce banki da mai gidan mai su ma sun zama masu mota, aka ƙirƙiro sababbin kaso 190 aka ba su. Ba wanda ya ƙwace maka takardarka, tana nan a aljihunka. Amma da kana da ɗaya cikin goma, yanzu ɗaya cikin ɗari biyu gare ka. Mota kuwa tana nan tana ta zirga-zirga, wanda ya gan ta a hanya ba zai san an yi komai ba.

Haka aka yi, kusan daidai da wannan lissafi. Kason gwamnati ya tashi daga kashi 29.8 zuwa 48.9. Bankuna suka samu 38.1. KLM, duk girmansa, ya sauko daga wajen 27 zuwa 7.8. Sauran jama'a, waɗanda a haɗe suke riƙe da sama da kashi 40, suka koma ƙasa da kashi 3. Ba zan ce zalunci aka yi ba, don da ba a yi hakan ba kamfanin rufewa zai yi, takardar ta zama ta ƙunsa ƙosai. An kuma kira taron masu hannun jari, aka kaɗa ƙuri'a, shawarar ta wuce. Sai dai a irin wannan taro ba kawuna ake ƙirgawa ba, hannayen jari ake ƙirgawa. Gwamnati na da dalilinta na riƙe jirgi ko da asara yake yi: furanni da kayan lambu da Kenya ke kaiwa Turai, baƙi masu zuwa kallon namun daji, dubban ma'aikata, ga kuma tutar ƙasa a wutsiyar jirgi. Duk waɗannan tana cin moriyarsu ta wata ƙofa. Malamin makarantar da ya saya a 1996 ƙofa ɗaya gare shi, rabon riba, kuma sama da shekara goma ba a buɗe ta ba.

Ba a nan ta tsaya ba. A 2019 majalisar dokokin Kenya ta goyi bayan a maido da kamfanin hannun gwamnati gaba ɗaya. Korona ta zo ta ajiye jirage a ƙasa. A watan Yulin 2020 aka dakatar da cinikin hannun jarin Kenya Airways a kasuwar Nairobi, farashinsa a lokacin bai kai sule 4 ba. An ce na wata uku ne, kafin a gama doka a sayi kason ƙananan mutane. Dokar ba ta fito ba. Aka yi ta sabunta dakatarwar, wa'adi bayan wa'adi, har shekara huɗu da rabi. Ku tuna rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kaya na hannunka, mai saye na tsallake, amma babu hanya. To ninka wannan sau uku ka ɗan ƙara. Mai ɗan akuya in rashin lafiya ta taso ranar kasuwa zai kai shi ya karɓi kuɗi, ko da an karya masa farashi. Mai wannan takarda ko da faɗuwa yake son sayarwa babu dama. A cikin waɗannan shekaru asara ta kai sule biliyan 36 a 2020, ta haura biliyan 38 a 2022, baitulmalin ƙasa na ta cike giɓi da kuɗin haraji, wanda shi ma mai takardar yana cikin masu biya.

Labarin bai yi mana nisa kamar yadda taswira ke nunawa ba. Shirin Nigeria Air da aka ƙaddamar da sunansa a 2018, tsarin da aka sanar daga baya shi ne kamfanin jiragen Habasha ya riƙe kashi 49, gwamnati kashi 5, sauran 46 na masu zuba jari 'yan Nijeriya. Gwamnatin da ta hau a 2023 ta dakatar da shi. Amma maganar jirgin ƙasa ba ta mutuwa, a Abuja ko a Yamai, kowace gwamnati sai ta taso da ita, kuma wata rana za a iya cewa jama'a su kawo kuɗi. Ranar, ni dai tambayata ta farko ita ce nawa ake bin kamfanin, da wane kuɗi zai biya, kuma su wa ke gabana a layi.

A Janairun 2025 aka sake buɗe cinikin hannun jarin a Nairobi. Bayan wata biyu kamfanin ya sanar da ribar sule biliyan 5.4 ta shekarar 2024, ta farko cikin sama da shekara goma, kuma ƙarfin da sulen Kenya ya yi a kan dala a wannan shekarar ya taimaka ƙwarai. Sababbin masu saye suka yi dafifi, farashi ya ɗaga. Ba a raba wa masu hannun jari ko sisi daga wannan ribar ba, don bashin da ke kan kamfanin ya fi dukiyarsa yawa. A rabin farko na 2025 wasu daga cikin manyan jiragensa suka zauna ƙasa suna jiran gyaran inji, lissafin wata shidan ya sake fitowa da asara.