Jatau, Kifin da Sanyi Bai Kashe Ba

Duk watan Janairu, masu tseren dogon zango a arewacin Ingila sukan tattara nasu ya nasu su yi kudu. Ƙanƙara takan rufe hanya, rana ta faɗi tun wajajen ƙarfe huɗu, tsoka ta ƙi saki. Mai hali ya tafi Iten a Kenya ko Potchefstroom a Afirka ta Kudu, irinmu kuwa masu guntun aljihu sai gaɓar Algarve a kudancin Fotugal, inda garin Monte Gordo yake cika da 'yan guje-guje a wannan lokaci. Sati uku na yi can ina atisaye cikin kurmin da ke bakin teku, da 'yar singileti, kamar ina Zariya a farkon hunturu. Kafin in tashi daga Leeds na bar wa wani abokina makullin ɗaki da gwangwanin abincin kifi, na ce masa tsunkule ɗaya a rana ya isa.

Da na dawo, jan kifina Jatau na kwance a gefe ɗaya a saman ruwa, ruwan kuma ya yi fari-fari kamar tsararon kunu. Abokina ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, duk sanda na leƙo sai in ga yana buɗe baki, na ɗauka yunwa ce." Tausayi ya sa ya riƙa ɗura masa abinci safe da yamma, ya kuma ƙure na'urar ɗumama ɗaki don kada sanyi ya kama shi. Da na gaya wa mahaifiyata a waya, dariya ta yi ta ce, "Kai ɗan nan, kifin da ba a sa wa miya kake wa makoki?" Na rasa amsa, amma tambayarta ce ta sa na bi sawun wannan kifi, in ji yadda aka yi mutane suka fara ajiye shi don kallo kawai.

Asalinsa kifin ci ne. Kakansa wani kifi ne mai launin toka-toka da ke rayuwa a tafkunan ƙasar Sin, dangin wanda Turawa ke kira kaf, ana kama shi a dafa kamar yadda muke yi da karfasa. Jefi-jefi sai a ƙyanƙyashe ɗaya ja ko ruwan ɗorawa. A daji irin wannan ba ya daɗewa, domin tsuntsu na hango shi daga nesa. Rubuce-rubucen zamanin daular Jin, tsakanin shekarar 265 da 420, sun ambaci ganin kifaye masu jan jiki. Abin da ya cece su shi ne wata al'ada ta mabiya addinin Buddha: mutum ya sayi rayayyar dabba ya sake ta don neman lada. Gidajen ibada suka haƙa tafkuna na musamman saboda haka, kuma jan kifi, da yake baƙon abu ne, shi aka fi kawowa. A can ba mai kama shi, sai jajaye suka haɗu da jajaye suka yi ta hayayyafa.

Daga gidan ibada ya shiga fada. A wajajen 1162, lokacin da daular Song ke mulki daga Hangzhou, an gina wa waɗannan kifaye tafki a cikin gidan sarauta, har kiwonsu ya zama sana'a da wasu ke ci da ita. Ana cewa an hana talakawa ajiye mai ruwan ɗorawa saboda launin sarki ne, shi ya sa ja ya fi yawa har yau. Amma babban sauyi ya zo ne a zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, sa'ad da aka ɗauke kifin daga tafki aka sa shi cikin manyan randunan tangaran a tsakar gida. A randa mai kiwo ne ke zaɓar wa zai auri wa. Nan aka samu mai wutsiya biyu, da mai ɓul-ɓul ɗin ido, da mai guntun jiki kamar ƙwai, halittun da ba za su kwana biyu a kogi ba. A 1596 wani mai suna Zhang Qiande ya rubuta littafi guda a kan kiwonsu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, randar tangaran ba a gani ta cikinta, don haka daga sama ake kallon kifin, kuma kyawun da aka riƙa zaɓa kyawun baya ne da shimfiɗar wutsiya. Randa kuma tana da faɗin baki da ruwa mai yawa. Ƙaramin kwanon gilashin nan mai matsattsen wuya, irin wanda na sa Jatau a ciki, daga baya ya zo.

Japan ta karɓe shi a farkon ƙarni na 16. Garin Yamatokoriyama da ke lardin Nara yana danganta sana'arsa da shekarar 1724, lokacin da basarake Yanagisawa Yoshisato ya koma can, kuma ƙananan mayaƙan samurai suka riƙe kiwon a matsayin abin rufin asiri. Har yanzu garin na shirya gasar kwasar kifi da ludayin takarda duk shekara.

Turai kuwa ta ruwa ya iso, a ƙarni na 17, kuma galibi ana jingina kawo shi ga 'yan kasuwar Fotugal da suka zauna a Macau tun 1557. Wato ƙasar da na je gudun sanyi ita ce ƙofar da kakannin Jatau suka bi. A Ingila ya fara ne a gidajen manya. A 1747 kyanwar Horace Walpole, mai suna Selima, ta faɗa cikin randar kifinsa ta nutse, abokinsa Thomas Gray ya yi mata waƙa da har yau ake karantawa. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, a 1850, masanin sinadarai Robert Warington ya nuna cewa in aka haɗa kifi da ciyawar ruwa da dodon koɗi a mazubi ɗaya, ruwan kan daɗe bai lalace ba. Da jan kifi ya yi gwajin. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi don jama'a.

Daga nan daraja ta fara zubewa. A Amurka, hukumar kula da kifi ta gwamnati ta yi shekaru goma, daga 1884 zuwa 1894, tana raba shi kyauta ga mutanen Washington da Baltimore. Abin da sarki ya gina wa tafki ya koma kyautar da ake ba yaro a leda idan ya ci wasan jifa a filin biki. Da ya yi arha sai mutane suka yanke cewa ai dama ba ya rai mai tsawo. Ƙarya ce. Wani mai suna Tish, wanda aka ci a wajen biki a Doncaster a 1956, sai 1999 ya mutu, yana da shekara 43.

Sanyin da abokina ya ji masa tsoro ma ba komai ba ne a wurinsa. Wannan kifi yakan yi hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara, ya rage motsi, ya daina ci. In iskar oksijin ta ƙare a ruwa, jikinsa na da dabarar juya gubar da ke taruwa a tsoka ta zama barasa ya fitar da ita cikin ruwa, abin da ni mai gudu, da ƙafafuna ke ɗaurewa a kilomita ta talatin, nake kallo da hassada. Abin da ba ya jurewa shi ne nasa kashin. Ragowar abinci da kashi suna zama ammoniya, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Buɗe bakin da abokina ya gani a saman ruwa, numfashi yake nema.

Ban ɗora wa abokina laifin ba. Ni na ajiye kifin da kan iya kai tsawon taƙi ɗaya da rabi a cikin kwano mai lita takwas, ba matata, ba ciyawa, har shekara biyu. Birnin Rum ya haramta irin wannan kwano tun 2005. Nawa yana kan taga yanzu, na shuka na'a-na'a a ciki.