Fansho da Haraji a Nijeriya: Nazarin Tanadin Dokar Gyaran Fansho ta 2014

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda dokokin Nijeriya suka ɗauki kuɗin fansho ta fuskar haraji, tun daga ranar da aka cire shi daga albashi har ranar da ya shiga hannun ɗan fansho. An dogara da Kundin Tsarin Mulki na 1999, da Dokar Gyaran Fansho ta 2014, da Dokar Harajin Nijeriya ta 2025. Binciken ya gano cewa doka ta ɗauke wa fansho haraji a dukkan matakansa uku, amma moriyar wannan rangwame ta fi karkata ga masu babban albashi, kuma rashin zuba kuɗi a kan lokaci da hauhawar farashi ne ke cinye haƙƙin tsofaffin ma'aikata.

1.0 Gabatarwa

Kafin 2004, fanshon ma'aikatan gwamnati daga kasafin kuɗi yake fitowa kai tsaye. Bashi ya taru, tsofaffi suka riƙa shan wahalar layin tantancewa. Wannan ne ya sa gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa tsarin karo-karo a 2004, wanda aka fi sani da adashen gata, tare da Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka da ta ɗaga zubin ma'aikaci daga kashi 7.5 zuwa kashi 8 cikin ɗari, na mai ba da aiki kuma daga kashi 7.5 zuwa kashi 10. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: nawa ne rabon hukumar haraji a wannan kuɗi, kuma wa ke cin moriyar abin da ta bari?

2.0 Hanyar Bincike

An bi hanyar nazarin matanin doka, aka raba rayuwar kuɗin fansho gida uku: lokacin zubi, lokacin juyawa, da lokacin karɓa. An kuma yi lissafin misali domin a ga tasirin kowane tanadi a aljihun ma'aikaci.

3.0 Matakai Uku na Kuɗin Fansho

3.1 Lokacin Zubi

Sashe na 10 na dokar 2014 ya ce a cire zubin fansho daga kuɗin shiga kafin a lissafa haraji. A ɗauki ma'aikacin da albashinsa na asali da kuɗin gida da na sufuri suka kama naira 200,000 a wata. Za a cire masa 16,000, mai ba shi aiki ya ƙara 20,000, asusunsa ya samu 36,000. A shekara, nasa zubin ya kai 192,000. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko, sannan ta sa kashi 15 a kan miliyan 2.2 da ke biye. Ke nan zubin ya rage masa harajin naira 28,800 a shekara.

3.2 Lokacin Juyawa

Kamfanonin kula da fansho ne ke juya kuɗin, galibi a takardun lamunin gwamnatin tarayya, yayin da kadarar kanta take hannun wasu kamfanonin ajiya daban. Duk ribar da aka samu a nan, doka ta hana a taɓa ta da haraji.

3.3 Lokacin Karɓa

Sashe na 7 na dokar 2014 ya ba ma'aikaci damar taɓa asusunsa idan ya yi ritaya ko ya cika shekara 50, duk wanda ya zo daga baya. Yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, ragowar kuma a riƙa biyansa wata-wata ta hannun kamfanin fansho, ko ya sayi biyan har ƙarshen rayuwa daga kamfanin inshorar rai. Babu haraji a kan ko ɗaya. Haka kuma sashe na 173 da na 210 na Kundin Tsarin Mulki sun hana sa haraji a fanshon ma'aikatan tarayya da na jihohi.

Togaciya ɗaya ce a dokar. Wanda ya ƙara zubi don ganin damarsa, sannan ya cire kafin cikar shekara 5, zai biya haraji a kan ribar da zubin ya haifar. Sannan rangwamen bai shafi sauran hanyoyin samun ɗan fansho ba: kuɗin hayar gida ko ribar shago na nan a ƙarƙashin dokar haraji.

4.0 Sakamakon Bincike

Na farko, Nijeriya ta fi ƙasashe da dama sassauci. A Birtaniya, yawanci kashi 25 na asusun ne ake karɓa ba haraji, ragowar kuwa ana lissafa shi cikin kuɗin shiga.

Na biyu, rangwamen bai faɗa wa kowa daidai ba. Mai samun abin da ya haura naira miliyan 50 a shekara yana tsira da naira 25 a kowace 100 da ya zuba, domin harajinsa ya kai kashi 25. Masinja ko mai gadin da samunsa bai kai 800,000 ba kuwa, ba abin da rangwamen ya ƙara masa, tunda dama ba a binsa haraji.

Na uku, akwai yankan da ya fi haraji ciwo. Doka ta wajabta wa mai ba da aiki ya zuba kuɗin cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, ta kuma yanka tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata na jinkiri. Duk watan da aka cire a takardar albashi amma bai isa asusu ba, ma'aikaci ya yi asarar uwar kuɗi da ribarta.

Na huɗu, hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 ta kai kashi 34.80. Ɗan fanshon da ke karɓar naira 100,000 a lokacin, cefanen da zai yi da ita bai wuce na kimanin 74,000 shekara guda kafin nan ba. Babu mai karɓar harajin da ya taɓa yanka masa haka. Sashe na 173 da na 210 na Kundin Tsarin Mulki sun ce a sake duba fansho duk shekara 5 ko duk lokacin da aka sake duba albashi, amma wannan tanadi sai an aiwatar da shi yake amfani.

5.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa ta fuskar haraji, doka ta yi wa ɗan fansho adalci. Giɓin yana wajen aiwatarwa da kuma kare darajar kuɗin. Don haka maƙalar na ba da shawarar PenCom ta tsananta karɓo tara daga masu riƙe zubin ma'aikata, gwamnati ta riƙa ƙara wa masu ƙaramin albashi wani abu a asusunsu a madadin rangwamen da bai kai gare su ba, jihohi kuma su cika umarnin sake duba fansho a kan kari. Shi ma ma'aikaci ya riƙa neman bayanin asusunsa yana gwada shi da takardar albashinsa tun yana bakin aiki, domin gyaran giɓin wata uku ya fi sauƙi a kan na shekara 30.