Amsar Takardunku: Jajibirin Zaɓen 12 Ga Yuni 1993

Wani mai sauraronmu, falke daga Malam Madori ta ƙasar Haɗeja, ya aiko da takarda yana so a ba shi tarihin kwanakin ƙarshe kafin zaɓen shugaban ƙasa na 1993, da dalilin da ya sa Jigawa ta bi Bayarabe ta bar Bakano.

To malam, a lokacin jam'iyyu biyu ne tak, kuma gwamnatin Janar Babangida ce ta kafa su: SDP mai alamar doki ta tsayar da Mashood Abiola, NRC ta tsayar da Bashir Tofa. An yi Babbar Sallah kwana goma sha kaɗan kafin zaɓe, ga hidimar layya, ga manoma sun zuba wa sama ido suna jiran ruwan shuka.

Ran Alhamis 10 ga Yuni da dare, wata alƙaliya a Abuja, Bassey Ikpeme, ta ba da umarni kada a yi zaɓen, bisa ƙarar ƙungiyar ABN ta Arthur Nzeribe, masu son soja su zarce. Ka ji fa, saura kwana biyu! Jama'a suka wayi garin Juma'a kunne na jikin rediyo. Hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta ce dokar soja ta hana kotu tsoma baki, zaɓe na nan ranar Asabar. A ganina wannan ruɗani ya sanyaya wa da yawa gwiwa, don cikin mutum wajen miliyan 39 da suka yi rajista, kusan miliyan 14 ne suka fito.

Batun Jigawa kuwa, ba rana ɗaya abin ya faro ba. Jihar ba ta cika shekara biyu da ɓallewa daga Kano ba, gwamnanta Ali Sa'ad Birnin Kudu ɗan SDP ne, Sule Lamido kuma shi ne sakataren jam'iyyar na ƙasa. Yawancin 'yan PRP, magadan NEPU ta Malam Aminu Kano, doki suka hau. Talakan da ya sha gwagwarmayar haraji da jangali jam'iyya yake bi, bai cika tambayar garin ɗan takara ba. Sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ya ci Jigawa, har da Kano, mahaifar Tofa.

Ran 23 ga Yuni gwamnati ta soke zaɓen. Abiola ya rasu a tsare a 1998, Tofa a 2022. Allah ya jiƙan su.